Zan je Landan kallon wasan rok da sayen jita, ta ina zan fara?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan Kano ne, shekarata 27, kuma kusan shekara shida ke nan ina kaɗa jita, da wata tsohuwa da na saya a hannu a Sabon Gari. Tun ina yaro nake son kiɗan rok, amma ban taɓa ganin ana yin sa ido da ido ba, sai dai a waya. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina so in je Landan kwana goma a watan Yuni, in kalli manyan makaɗa a dandamali, in kuma dawo da jitar lantarki ta gaske. Jitar kamfanin Gibson nake mafarki. Ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye kada in yi asarar kuɗina?"

Ƙanena, barka kadai, Allah ya cika maka buri. Idan na fahimce ka, tafiya ɗaya ce ka ɗora wa kaya biyu, kallo da sayayya, kuma dukansu daga aljihu ɗaya za su ci. Ni sana'ata gyaran jita ce a nan Kaduna, na haura shekara ashirin ina yi, Landan kuwa sau uku na taka ta, duk a kan irin wannan sha'awa taka. Saboda haka maganar da za ka ji ta mutumin da ake kawo wa jita bayan ta karye ce. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan har ka dawo: jitar da za ka saya a Kano za ta zauna, cikin hunturu da ƙura da wutar janareta, kuma kafin ta iso sai ta bi ta hannun masu lodin jirgi. Wannan ne zai yanke maka yawancin shawarwarin da ke gabanka.

Biza da tikiti: wanne ke gaba?

Bizar da za ka nema ta baƙo mai ziyara ce, wadda ke ba da izinin zama har wata shida. Ba a neman ta sai tafiya ta rage wata uku ko ƙasa da haka, amsa kuma kan fito cikin mako uku idan babu cunkoso. A nan gizo ke saƙar, domin tikitin manyan wasannin Yuni da Yuli ana sakin sa watanni da yawa kafin lokacin, wani ma ya ƙare a yini ɗaya. Ke nan za ka sayi tikitin wasa tun ba ka san ko za a ba ka biza ba. Abin yi shi ne ka saya a wurin dillalan da masu wasan suka amince da su, irin su Ticketmaster, AXS, See Tickets ko Dice, ka kuma tabbatar tikitin yana da damar a mayar da shi kasuwa a farashin da aka saye shi. Akwai Twickets ma, inda masu sha'awa ke sayar wa juna ba tare da ɗora riba ba. Kuɗin jirgi da na masauki kuwa, duk wanda ba a mayarwa, kada ka biya sai biza ta shigo hannu.

Masu duba takardun biza abu biyu suke son gani: kuɗin da ke asusunka naka ne, kuma kana da abin da zai dawo da kai gida, aiki ne ko kasuwa ko iyali. Kuɗi mai yawa da ya faɗo cikin asusu ana saura mako biyu ka nema, shi ke fara jawo zargi. Ni ba jami'in biza ba ne, ƙa'idojin da kuɗin nema kuma suna sauyawa, don haka ka karanta su da kanka a shafin gwamnatin Birtaniya, kada ka dogara da bakin ɗan kamasho. Wannan biza ba ta yin aiki a biya ka ba ce, kada wani ya ruɗe ka da cewa zo ka ɗan kaɗa mana a biya ka.

Ka san da cewa farashin tikiti yakan motsa kana kallo. A watan Agusta 2024, da ƙungiyar Oasis ta saki tikitin dawowarta, mutane sun yi sa'o'i a layin intanet suna jiran tikitin tsayuwa na wajen fam 150, da layi ya zo kansu suka tarar ya haura fam 350. Ka yanke wa kanka iyaka tun kafin ka shiga layi, domin idan agogo na ƙirga maka daƙiƙu, hankali ba ya aiki. Yawancin tikitin yanzu a cikin waya yake zama, lambar da ake haskawa a ƙofa kuma tana sauyawa, hoton allo ba zai shigar da kai ba. Duk wanda ya ce zai turo maka hoton tikiti ta WhatsApp ka tura masa kuɗi, ka ba shi haƙuri. Ka kuma gwada katin bankinka a sayayyar waje tun kana gida, don motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014, wuraren wasa da dama ma haka.

Sannan kada ka rataya tafiyar gaba ɗaya a wuyan wasa guda. Mawaƙi na iya wayar gari murya ta dishe a soke wasa; kuɗin tikiti za a mayar maka, na jirgi kuwa ya tafi. Ka zaɓi makon da ke da wasa uku ko huɗu da za ka so.

Babban fili ko ƙaramin ɗaki

Filin Wembley yana da kujera 90,000, zauren O2 kuma yana ɗaukar wajen mutum 20,000. Idan tikitinka na can baya ne, makaɗin da ka ƙetare hamada da teku don ka gani zai zama kamar ƙwayar gero, idonka kuma a kan katafaren allo zai ƙare, wato dai abin da ka baro a wayarka. Ban ce kada ka je ba. Jin dubban mutane sun ɗauki amshi ɗaya har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka abu ne da waya ba ta kawowa, ya cancanci dare ɗaya. Amma dare ɗaya ya isa.

Sauran darare ka bi ƙananan wurare. Akwai 100 Club a titin Oxford, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa da bai ɗaukar fiye da mutum ɗari uku da 'yan kai. Akwai Roundhouse a Camden, tsohon rumbun juya kan jirgin ƙasa ne aka mayar zauren wasa, sannan unguwar Camden kanta cike take da ƙananan ɗakunan da ake kiɗa kusan kowane dare, tikiti daga fam 15 zuwa 30. A irin wannan ɗaki na koyi abin da ya fi amfanar da ni. Na tsaya bai fi taku uku ba daga wani makaɗi da ko sunansa ban riƙe ba, ɗan tsamurmuri, jitarsa duk fenti ya goge a inda hannu ke gugarta. Feda, wato ƙaramin akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa, uku kacal ne a gabansa, an manne su a ƙasa da salatif. Ina ta jiran in ga ya taka wata idan zai sassauta sauti, ashe ba ya taka komai. Da ɗan ƙaramin yatsansa yake murza maɓallin ƙarar da ke jikin jitar, ya rage sauti ya tsarkaka, ya ƙara ya koma ruri, hannun dama bai daina kaɗawa ba. A tsakiyar waƙa tsirkiya ɗaya ta tsinke ta yi lilo, ko kallonta bai yi ba, ya ƙarasa da biyar ɗin. Na dawo gida na yi wata uku ina koyon wannan murzawar. A Wembley da ko hannunsa ban hango ba.

Ka je da wuri ka kalli 'yan share fage. Galibi ana buɗe ƙofa wajen ƙarfe bakwai, manyan su hau dandamali wajen tara, a tashi kafin sha ɗaya. 'Yan share fagen su ne sa'anninka, da kayan da ba su fi ƙarfinka ba, kuma bayan sun sauka sukan tsaya a teburin sayar da riguna, kana iya yi musu tambaya.

Kunnenka kuwa, don Allah ka tausaya masa. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙiyasta cewa kunne na jure ƙarar desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin uku kuma yana raba lokacin biyu. A desibel 100 kwata ɗaya na awa ke nan. Wasan rok yana kai 100, yana ma wucewa, kuma awa biyu ake yi. Ka sayi abin toshe kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dushe sautin ba, ana samun sa a shagunan jita da kuɗi kaɗan. Kunnena na hagu yana da wani siririn kuka da ba ya tafiya, na gaji shi ne daga tsayuwa kusa da sifika ina saurayi.

A gaban dandamali za ka ga matasa sun buɗe da'ira suna ture juna da kafaɗa. Ba faɗa ba ne, rawarsu ce, kuma al'adarsu duk wanda ya faɗi a ɗaga shi. In ba ka so, ka tsaya gefe, ko kusa da teburin mai saita sauti a tsakiyar zaure, nan ne ma sauti ya fi daɗi. Abin tsoro na gaske shi ne cunkoson ƙofa. A watan Disamba 2022, a zauren Brixton Academy, turmutsitsi a bakin ƙofa a daren wasan Asake ya ci ran mutum biyu, aka rufe zauren sai Afrilu 2024. Kana shiga ka fara gano ƙofar fita, idan ka ji an matse ka har ba ka iya ɗaga hannu, ka zame ta gefe tun da wuri.

Maganar salla da giya ma gara in faɗa maka. Kusan duk wuraren nan ana sayar da giya, wani lokaci a fesa maka ita a riga cikin murna; ruwan famfo kyauta ne a wurin masu sayarwar, ka roƙa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare, daidai lokacin da manyan ke hawa dandamali. Ka tambayi malaminka hukuncin sallar matafiyi tun kana gida, ka tsara darenka a kai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen sha biyun dare, sai Juma'a da Asabar da wasu layuka ke kwana suna aiki.

Titin Denmark

Ɗan gajeren titi ne na shagunan jita, minti biyu ka ƙure shi da ƙafa, dab da tashar Tottenham Court Road, wadda layin Elizabeth ke kawo ka kai tsaye daga filin jirgin Heathrow. A gida mai lamba 4 ƙungiyar Rolling Stones ta naɗi kundinta na farko a 1964, 'yan Sex Pistols kuma sun zauna a bayan lamba 6 a tsakiyar shekarun 1970. Gine-ginen zamani sun cinye gefensa, amma har yanzu shagunan jita na jere, irin su Regent Sounds da Wunjo da Hank's, sabbi da na hannu rataye tun daga ƙasa har rufi.  Sai dai titin tarihi ne, hayar shago da tsada, farashi ba lallai ya fi na wani wuri sauƙi ba. Ka leƙa GuitarGuitar a Camden, idan kana da yini guda kuma ka hau jirgin ƙasa daga Waterloo zuwa Guildford, inda Andertons yake, ka kwatanta.

Kuskuren da na fi gani shi ne a bar sayayya sai ranar ƙarshe, ko a saya a ranar farko ido na rawa. Ka je a rana ta biyu, da safiyar ranar aiki lokacin da shago ba kowa, ka taɓa jita goma ka fita hannu rabbana. Ka je wasanni, kunnenka ya buɗe, ka koma a rana ta shida ko ta bakwai ka saya, ya rage maka kwana biyu ko uku na gano aibi. Dokarsu ba ta tilasta wa mai shago karɓar kayan da aka saya ido da ido don kawai mai saye ya sake ra'ayi, sai in kayan na da lahani, don haka ka tambayi sharaɗin shagon kafin ka miƙa kati.

Idan aka miƙo maka jita, kada ka yi saurin jona ta. Ka kaɗa ta haka nan ba wuta, ka ji ko katakon na amsawa a cikinka da tafin hannunka. Wadda ta mutu ba wuta, amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, ba za ta raya ta ba. Ka ɗaga ta ka saita ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba mashi, ka ga ko wuyan ya murɗe. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, amma murɗewa ba ta da magani mai araha. Ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet, wato ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan, har ƙarshe, kana sauraron inda za ta yi zizar ƙudan zuma ko sauti ya mutu. Mutanen shago sun saba da wannan, ba wanda zai ce ka cika ƙwaƙwa. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu ka ji ko bakin ƙarafan na karta. Ka murza kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket ɗinta, ka ji ko za ta yi ƙarar tsagewa. Sannan ka roƙi maɗauri ka rataya ta ka tsaya minti goma, kafaɗarka za ta gaya maka gaskiyar da ido ya ɓoye. Amfilifayar gwaji kuma ka ce a ba ka ƙarama irin wadda ka bari a gida. A jikin ta fam dubu biyu, ko itacen girki daɗi zai yi.

Ana ciniki, musamman a kan ta hannu, amma ba irin na Kantin Kwari ba, da za a ce goma ka taya uku. Ka tambaya cikin ladabi ko akwai ragi. In babu, ka nemi gyara: maɗauri, waya, fakitin tsirkiya, ko a saita maka ita kyauta kafin ka ɗauka. Wannan sun fi saurin yarda da shi.

Mafarkin Gibson

Yanzu ga inda zan ɗan ɓata maka rai. Les Paul, shahararriyar jitar Gibson, ta fito a 1952, kuma sautinta mai kauri shi ne rabin abin da kake ji a kiɗan rok. Ba wanda zai ce maka mafarkin banza kake yi. Amma ka dubi yadda aka ƙera ta. Wuyanta na katakon mahogani ne, an manne shi da jiki da gam, kanta kuma ya karkata baya sosai, daidai wurin da aka rarake katakon don sandar ƙarfe. Nan ne lagonta. Ta zame daga jikin bango ta faɗi ta baya, ko a jefar da akwatinta a wurin lodi, sai kai ya ɓalle. A teburina babu karayar da na fi gani irin wannan, a jikin Gibson da masu kwaikwayon ƙirarta. Tana ɗoruwa, amma darajarta ta faɗi. Nauyinta yakan kai kilo huɗu ko fiye, fentinta kuma irin na da ne mai laushi, zafi na sa shi danƙo, robar wasu matsayai na cin sa. Sabuwar Les Paul Standard kuwa ta haura fam 2,000.

Stratocaster, jitar kamfanin Fender, ta fito a 1954 daga hannun Leo Fender, mutumin da asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma ƙirar ta nuna haka. Sukuru huɗu ne ke riƙe da wuya, kai a miƙe yake, kayan wutar duk suna jikin faranti ɗaya da ake ɗagawa. Kusan duk abin da ya lalace a jikinta ana kwance shi a sa wani. Ka dubi maƙwabtanmu na Nijar: makaɗan Agadez da ke yawon bikin aure cikin rairayi da zafi da wutar janareta, irin wannan ƙirar ce ta fi yawa a hannunsu, Mdou Moctar ma da ya zagaye duniya da kiɗan, Stratocaster ta bahago yake kaɗawa. Ƙasarsu ta fi Kano bushewa.

Sai dai in yi wa Gibson adalci, tana da abu ɗaya da ya dace da mu. Fikof ɗinta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, mai naɗi biyu ne, ɗaya na kashe gurnanin wutar da ɗayan ya kwaso. Na Stratocaster mai naɗi ɗaya ne, kuma a gidan da wayarin ba shi da kyau, ko kusa da janareta, zai yi ta gurnani kamar tsohon firji. Shi ya sa shawarata ita ce ka nemi mai wuyan sukuru wadda aka sa wa fikof mai naɗi biyu a gindi. Fender na yin su a masana'antarta ta Ensenada a Meziko, sabuwa wajen fam 700 zuwa 800, ta hannu ƙasa da haka. Squier, ƙanwar Fender mai araha, mai kyau tana wajen fam 400, Yamaha Pacifica ma kamar jaki take wajen juriya. Ragowar kuɗin ya biya maka wasa biyar da fedoji. Idan kuma ka rungumi Les Paul ka ji zuciyarka ta ƙi saki, to ni ba zan iya zaɓa maka sauti ba, kunnenka ne alƙali. Ka gwada Epiphone tukuna, ƙanwarta ce ta gida ɗaya. In dai sai Gibson ɗin, ka saye ta a shago da rasit mai lambar jitar, domin jabunta sun cika intanet, ka kuma sa kuɗin akwati mai tauri da na kujerar jirgi a lissafi.

Ni ma na taɓa biye wa ido. A tafiyata ta farko na sayo jitar da ba ta wuta, mai fuskar katako sili ɗaya, sauti kamar zuma. Na iso da ita lafiya cikin damina. Wani dare a watan Janairu, iskar hunturu na kaɗawa, ina kwance na ji ƙas daga kusurwar ɗaki, kamar an taka busasshen kara. Da safe na tarar da tsaga tun daga gadar tsirkiya har gindi, ana iya zura farce. Masu ƙera jita suna aiki ne a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturunmu yakan sauka ƙasa da 20, da Agusta kuma ya haye sama ya jiƙa komai. Katako yana tsukewa yana kumbura da wannan. Jitar lantarki mai jiki tilo ta fi juriya nesa ba kusa ba, wadda aka shafe allon wuyanta da fenti kuma, kamar mai farin katakon mapul, ta fi wadda aka bari tsirara jinkirin bushewa.

Abin da za ka saya da abin da za ka bari

Za ka ga amfilifayar Marshall ka ji kamar ka rungume ta, tun da a yammacin Landan Jim Marshall ya fara ƙera su a 1962. Bar ta. Mai ƙwan gilas a ciki tana iya wuce kilo ashirin, ba ta son jijjiga, ba ta son wutar da ke hawa da sauka. Fedoji biyu ko uku, ko ƙaramin akwatin da ke kwaikwayon sautin amfilifaya iri-iri, sun fi maka, suna shiga jakar hannu. Sa'arka ɗaya, wutar Birtaniya volt 230 ce kuma filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne, abin da ka saya can zai hau soket ɗin Kano kai tsaye. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, waɗannan sai da taransifoma, don haka idan kayan hannu ne ka karanta bayansa. A gida kuma ka sa mai wayarin ya duba maka wayar ƙasa, wadda suke kira atin. Tsirkiyar jita a haɗe take da ita, kuma wanda ya taɓa riƙe jita leɓensa ya taɓa makirufo a gidan da ba atin ya san abin da nake nufi.

Ka cika aljihun akwati da ƙananan abubuwan da ke wuyar samu a nan: fakitin tsirkiya kamar goma masu kauri ɗaya, soket ɗin waya biyu, maɓallan ƙara na canji, alankin da ya dace da sandar wuyan jitarka, da ɗan agogon auna danshi.

Kada ka sa ran za a mayar maka da haraji a filin jirgi. Farashin da ka gani a shago ya haɗa da harajin VAT na kashi 20, kuma tun 1 ga Janairu 2021 Birtaniya ta daina mayar wa baƙi shi a kan kayan da suka ɗauka da hannunsu. Ana cire shi ne kawai idan shagon ne ya aiko maka da kayan har ƙasarka, a nan kuma kuɗin aike da na kwastan na jiran ka. Sai batun katako. Tun ƙarshen 2019 an cire kayan kiɗa daga takurawar da yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, ta sa wa yawancin katakon rozwud, amma ban da na Burazil, wanda ke cikin jerin da aka fi tsanantawa tun 1992. A tsofaffin jitoci na shekarun 1950 da 1960 ake samun sa, kuma ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini. Da wuya kuɗinka ya kai can, amma idan mai shago ya ce tsohuwa ce ƙwarai, ka tambaye shi katakon.

Hanyar gida

Kowane kamfanin jirgi da ƙa'idarsa kan kayan kiɗa, ka karanta ta kafin ka sayi tikiti, ka kuma ajiye ta a waya. Idan za ka canza jirgi a hanya, ƙa'ida biyu ke kanka. Wani ma'aikaci zai bar ka ka shiga da ita, wani a bakin ƙofar jirgi zai karɓe ta ya tura ƙasa, kuma jita a jakar yadi a cikin kaya sai addu'a.

A nan wuyan sukuru ke biyan kuɗinsa. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaura kafo, ɗan matsin nan da ke danne tsirkiyoyi a wuya, a firet na farko don kada su warwatse, ka kwance sukuru huɗun, wuya ya fita. Idan ka ga wata 'yar siririyar takarda ko roba a cikin gurbin, kada ka yar, ita ke daidaita kwanciyar wuyan, ka ɗauki hotonta yadda take. Ka naɗe jikin da riguna a tsakiyar babban akwati, wuyan kuma ka naɗe shi da tawul ka kwantar da shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Wajen mayarwa, ka fara murza kowane sukuru baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan ka ɗaure. In ka yanka sabon zare sau biyu sau uku, ramin zai buɗe. Sau biyu na kawo jita haka ba ko ƙwarzane. Idan Les Paul ce, sai akwati mai tauri, ka sassauta tsirkiya kaɗan, ka cusa safa da riguna sama da ƙasan kan har ya daina motsi, ka girgiza akwatin ka ji shiru. Rasit ɗinka ya zauna a aljihu, ba a cikin akwati ba, don jami'an kwastan.

Ka iso gida, ka bar ta a akwati yini guda ta saba da iska kafin ka ɗaura mata tsirkiya. Kada ta kwana a but ɗin mota, kada ka rataye ta a bangon da rana ke duka. Da hunturu ya kama, ka huda gidan sabulu, ka sa soso mai danshi wanda ba ya ɗiga, ka ajiye a cikin akwatin kana duba agogon danshin. Duk da haka, a hunturun farko za ka iya jin bakin ƙarafan wuya sun fara kartar hannu, tsirkiya kuma ta yi sama ko ta kwanta tana ziza. Ba lalacewa ta yi ba, katako ne ya tsuke. Sandar wuya kwata ɗaya na zagaye ake murza ta a jira kwana ɗaya, in ta yi tauri kada ka tilasta. Bakin ƙarafan kuwa aikin rabin awa ne da ƙaramar zarto, sau ɗaya ake yi, kuma a watan Janairu ya kamata a yi shi lokacin da katakon ya gama tsukewa. In ba ka sami mai yi a Kano ba, ka sako ta a mota ka kawo min Kaduna.